Tantunan Manaja

Sunan Manaja ya samo asali ne daga wani ɗan otal da ya taɓa yi wa aiki yana saurayi. Aikinsa a can miƙa wa baƙi makullin ɗaki ne, amma da ya zo gida hutu sai ya gaya wa mutane shi ke riƙe da wurin gaba ɗaya. Abokai suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Otal ɗin ya daɗe da rufewa, sunan yana nan.

Bayan otal ya taɓa sana'o'i da dama, kowacce taɓawa ɗaya. Ya yi dillancin motoci bai iya tuƙi ba. Ya yi kiwon kifi a bayan gida, kifayen suka mutu yana can wurin masu buga kati ana gardamar launin da za a rubuta sunan kamfaninsa da shi. Noma ne kaɗai bai taɓa gwadawa ba, alhali mahaifinsu ya bar musu gona mai kyau a bakin gari, gefen babban titi, shi da yayarsa mai ɗinki. Ɗan baffansu ke noma ta, kowace kaka ya kawo wa kowa rabonsa na masara har ƙofar gida. Manaja ya ci ya ƙoshi, ya share baki, ya ce noma aikin wanda ba shi da tunani ne.

Wata rana aka gayyace shi walimar kammala karatun ɗan abokinsa a wani wurin shaƙatawa. Ya ga fararen tantuna, ya ga yara na layi a gaban lilo, ya ga manya da manyan riguna zaune a kan ciyawa suna murna. Ya dawo gida ko takalmi bai cire ba ya tarar da matarsa tana guga.

"Ciyawa fa!" in ji shi. "Mutane biya suke su zauna a kan ciyawa. Mu kuma muna da fili guda a bakin titi, mun bar wani yana tona shi da fartanya."

Matar ba ta ɗago kai ba. "To, Allah ya sa ta fi ta kifi."

Da aka girbe masarar bana, ya je ya sallami ɗan baffansa, ya ce masa an ci gaba, gona ta zama kamfani. Yayarsa kuwa bai ga dalilin gaya mata ba. A ganinsa mai ɗinki ta tsaya kan ɗinkinta.

Wani ne ya tuna masa cewa ba a mayar da gona wani abu sai da izinin ofishin tsara filaye. Ya sa kwat ɗinsa, ya rataya jaka, ya shiga ofishin sai ka ce wanda ya haɗiyi tabarya. Akwai dogon benci cike da masu jira, fanka na juyawa a sama ba iska. Ya wuce su duka ya tura ƙofa, aka dawo da shi ƙarshen benci. Da layi ya zo kansa, ya tarar da wata ma'aikaciya mai tabarau, ga taswirar garin a bango bayanta. Ya shiga yi mata bayanin wurin iyo da ɗakin taro da gidan kallon dabbobi. Ta bar shi ya gaji, sannan ta miƙe ta sa yatsa a kan taswirar.

"Malam, nan wurin ƙasar noma ce. Gini ba zai yiwu ba. Abin da za ka iya nema shi ne izinin taro na ɗan lokaci, da tantuna da rumfunan da ake kafawa a cire. Kuma sai kwamiti ya zauna, ya ji ta bakin maƙwabta."

"Maƙwabta? Masu kaji da masu albasa ne za su yanke wa kamfani hukunci?"

"Su za su kwana da lasifikarka, Malam. Na gaba ya shigo."

Ya cika takardu ya miƙa yana tsaki. Jira kuwa ba halinsa ba ne. Kafin a sa ranar zama ya kawo magina suka zuba masa kankare a tsakiyar gonar, wani ƙaton dandamali da ya ce a nan manyan baƙi za su riƙa zama. Ya kafa allo a bakin titi, hotonsa ya fi sunan wurin girma.

Ranar zaman kwamiti ɗakin ya cika. Mai kiwon kajin da ke maƙwabtaka da gonar ya miƙe ya ce shi ba ya hana kowa neman abinci, amma kajinsa ba sa ƙwai in ana kiɗa. Wata dattijuwa ta yi maganar motocin da za su tare mata hanya. Can sai ga yayar Manaja ta miƙe daga kujerar baya. A bakin wata mai kawo ɗinki ta ji labarin, ta zo ba gayyata.

"Ni ma ina da gado a gonar nan," in ji ta. "Ƙanena bai shawarce ni ba, amma ban zo in tona masa asiri ba. In da hali ku ba shi dama ya gwada, ko wannan karon Allah zai sa ya zauna wuri ɗaya."

Da mai hankali ne, da nan ya yi shiru ya gode wa Allah. Manaja kuwa miƙewa ya yi yana gyara kwat.

"Yaya, ki zauna, wannan ba maganar zare da allura ba ce. Ranku ya daɗe, ku yi mata uzuri, ba ta san harkar zamani ba. Mutanen nan duk haka suke, an haife su cikin kunya, cikin kunya za su mutu."

Kunyar gona yake nufi, amma ɗakin bai ji haka ba, ko kuma ya ji duka biyun. Shugaban kwamitin, wanda shi ma ɗan manomi ne, ya dube shi ta saman takarda ya daɗe. Yayar ta ɗauki jakarta ta fita.

Duk da haka aka ba shi izinin, don doka ba ta hana marar kunya. Sai dai da sharuɗɗa. Taro da rani kawai. Tantuna su sauka kafin ruwan farko. Lasifika ta yi shiru da faɗuwar rana. Ba siminti. Kuma dole a ci gaba da noma gonar kowace damina, in aka bar ta izini ya faɗi.

Ma'aikaciyar mai tabarau ce ta zo duba wurin. Ta tsaya a kan dandamalin ta buga shi da dunduniyar takalmi.

"Wannan fa?"

"Wurin shanya hatsi ne, Malama," in ji Manaja, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Madalla. To da kaka zan zo in ga hatsin."

Haka Manaja ya kama hanyar gidan ɗan baffan da ya kora. Ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma, ya yi ta kewaye-kewaye kan zumunci da yadda jini ya fi ruwa kauri a wurinsa. Ɗan baffan yana gyaran ƙotar gatari, ya saurara har ƙarshe.

"Ai na ji an ci gaba," in ji shi.

Sai da matar Manaja ta je ta ba yayar haƙuri, yayar ta sa baki, sannan ya yarda ya dawo. A gari kuwa Manaja cewa ya yi ya ɗauki ma'aikacin sashen noma.

Aka buɗe wurin da rani, da tantunan haya da janareta da lilo guda biyu. Gaskiya mutane sun zo. Wata makaranta ta kawo ɗalibanta, wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi taronta, kuma da Manaja ya iya barin abu ya tafi da kansa, da wataƙila ya ci abinci a wurin. Amma kowane taro sai ya hau dandamali ya karɓi makirufo ya yi jawabin maraba, ya faro daga zamanin otal, yara na kuka, abincin mutane na hucewa. Waɗanda suka zo sau ɗaya ba su sake zuwa ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ɗan baffan ya ce a sauke tantuna zai yi sharar gona. Ofis ma ya aiko da tuni. Manaja ya ce akwai wani babban taro da aka yi masa alkawari, na wasu manyan mutane, kuma ruwa ba ya zuwa da wuri haka. Shi da bai taɓa shuka ko gyaɗa ba, ya tsaya yana koya wa manomi karatun sama.

Da la'asar sai ga hadarin ya taso, iska a gaba, ruwa a baya. Babban tantin ya kumbura, ya tumɓuke turakunsa, ya tashi ya haye shinge ya sauka a kan rufin kajin maƙwabci. Ƙananan suka bi titi, direbobi na kauce musu. Manaja ya rungume igiyar ɗaya yana ihu a kawo agaji, ta ja shi cikin taɓo da kwat ɗinsa har bakin kwalbati. Mutanen da suka fake a rumfar mai faci suka kashe kwarkwatar idonsu, babu wanda ya motsa.

Kwamiti ya janye izinin. Mai tantunan haya da mai kaji suka yi ta sintiri a ƙofar gidansa, har sai da ya sayar da lilon da janareta ya rabu da su. Yayar ta kira dangi aka raba gonar, aka ja shinge, ta ce ba ta ƙara haɗa ko tsinke da shi. Manyan mutanen da za su yi taro kuwa har yau ba a ga ƙeyarsu ba.

Yanzu in ka je ofishin tsara filaye da safe za ka same shi a ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofa, da teburi da kujera biyu. Ya zama mai ba da shawara kan neman izini. Duk wanda ya sauko daga mota da takardu a hannu, sai ya tare shi ya ce shi ya san ofishin ciki da waje, har gaban kwamiti ya taɓa tsayawa ya yi nasara. Kwanan baya an gan shi ya zaunar da wani tsoho da ke son kafa rumfar sayar da kankana a gefen gonarsa, yana ce masa rumfa ƙaramin tunani ce, ya nemi izinin filin sukuwar dawakai. Tsohon na gyaɗa kai, ya riga ya fara zaro takardun gonar daga aljihu.