Shekarar da Tukunyar Kaka Ta Tsage

Jiya maƙwabciyata ta aiko mini da ɗan curin man kaɗe in shafa a gwiwa. Ina buɗe ledar, ƙamshin nan mai haɗe da hayaƙi ya mayar da ni gidanmu na Kontagora, tun ba a yi jihar Neja ba, lamuranmu duk sai an kai Sakkwato.

Kakata ta wajen uba ce mai sana'ar. Bakambariya ce daga wajen Auna, har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba. Mai karatu, in ka san wahalar man kaɗe ba ka ƙara raina shi. Farkon damina mukan fita tsintar 'ya'yan kaɗanya cikin raɓa, muna tsoron maciji. A dafa, a shanya, a fasa, a soya, a daka, a niƙa, sannan a yi ta bugu da hannu har kafaɗa ta mutu. Tafasawa ce ta ƙarshe.

Halin Kaka shi ne ba a taɓa wani aiki sai ta zauna ta zayyana abin da ka iya lalacewa. In ƙwaya ba ta bushe ba, mai ya yi wari. In wutar suya ta yi yawa, ya yi ɗaci, masu saye su gudu. Daga nan ta ce, "To, in hakan ta faru, wa zai kwana ciki?" Wanda cutarwarsa ta fi, shi take fara tarewa. Mu kuwa gani muke ta cika mita.

Wata shekara, ranar tafasawa, ta ƙwanƙwasa babbar tukunyar da ɗan yatsa, ta kara kunne, ta sake.

"Muryarta ta canza," in ji ta.

Goggona, ƙanwar Baba, ta duba ciki da waje ba ta ga tsaga ba. Ta ce, "Haba Inna, gobe kasuwar Ibeto. Mai tukwane ba ta gasa sababbi sai rani. In muka jira, ƙullun nan tsami zai yi."

Gaskiya Goggo ta faɗa, Kaka ma ta sani. Amma ta ce, "Asarar mai, a sake tsinta baɗi. Fatar yarinya fa?"

Yarinyar ni ce, don ni ke juyawa da muciya. Ta sa Baba ya haƙa 'yar hanya daga gindin murhu zuwa bayan danga, ya tara ƙasa ta gefen da nake tsayawa. Ta ɗaura wa muciyar sanda don ta ƙara tsawo, ta kora ƙannena gidan maƙwabta. Goggo na ta gunaguni wai rana na yi.

Man ya taso ke nan, ya fara haske a sama, sai na ji ƙas. Gindin tukunyar ya buɗe. Wuta ta tashi sama da kaina, man ya bi hanyar nan yana ci har bayan danga. Digo ɗaya ya same ni a idon sawu. Shi ke nan.

Wahalar damina guda ta shige ƙasa muna kallo. Goggo ta zauna daɓas tana kuka. Na ɗauka Kaka za ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta duba ƙafata, ta jingina da bango, ta ce, "Na gaji, 'yar nan. Na gaji da ganin abu tun bai zo ba." Washegari ita ta fara tashi ta kwashe tokar.

Yanzu inji ke niƙa, tukwanen kuma na ƙarfe ne. Jikana yana aiki a wata masana'anta, ya ce su ma sukan zauna su tattauna abin da zai iya lalacewa kafin a tada inji, har akwai masu cin albashi a kan haka. Na yi murmushi kawai. A gidan nan ni na gaji kujerar Kaka: ni ke cewa a duba wayar wuta, a rufe rijiya, a ɗauke fetur daga kusa da murhu. Sai su ce Hajiya ta fara. Ba na jin haushi. Mutum ba ya gode maka a kan ƙunar da bai ƙone ba.