Walda a Kan Kuros

Shekara talatin da ɗaya Kurma ya yi a ramin gyaran manyan motoci. Kunnensa lafiya lau. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan, domin idan yana aiki ba ya amsa kowa. Aikinsa guda ne: farfela, wato dogon bututun ƙarfen da ke ɗaukar juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, da kuros ɗin da ke kowane ƙarshenta. Kuros ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa, a cikin hular kuma an jera sandunan ƙarfe sirara kamar allurai, suna kwance cikin giris. Su ke barin farfela ta lanƙwasa tana juyawa. Wani ɗan zobe da ake kira kilif ne ke riƙe hular a mazauninta.

Rumfar da ramin yake ciki gadon mahaifinsu ce, shi da ƙaninsa mai walda, wanda har ya yi furfura ana ce masa Auta. Auta ne ya shigo da ɗabi'ar da ta lalata layin makanikan: idan mazaunin hula ya cinye, kilif ya ƙi zama, sai a ɗiga walda a kai, mota ta tashi cikin rabin sa'a. Babu wanda bai san zafin walda na ƙone giris ya kashe alluran ba. Duk da haka ƙazantar ta samu suna, ana kiranta gwaninta.

Wata safiya aka kawo motar bas da ke jigilar ma'aikatan masaƙa, tana ƙara a ƙasa duk lokacin da aka sa giya. Kurma ya duba, ya tafi neman sabon mazauni. Kafin ya dawo Auta ya gama ɗiga walda a kan hular.

"Yaya, ka sha yawo," in ji Auta. "Kana ta neman ƙarfe kamar mai neman aure. Ni na ɗinke ta."

"Ƙona ta ka yi."

"Ko giwa ta hau, hular nan ba ta motsi."

"Nan da mako guda kuros ɗin ma zai daina motsi, sakarai."

Direban ya riga ya tayar da inji. Kurma ya sauka cikin ramin, ya rungumi farfelar da hannun dama.

"Malam direba, in za ka tafi, sai dai ka tafi da hannuna."

Dalilinsa a fili yake. Kuros ɗin gaba ne aka ƙona. Idan ya tsinke a guje, kan farfelar zai caki kwalta, ya ɗaga motar da mutum arba'in a ciki. Direban ya kashe inji yana zage-zage. Aka sauke farfelar, Kurma ya fasa hular da guduma da kurfi, ya zazzage ta a kan tsumma. Giris ɗin ya zama baƙin gari mai ƙauri, alluran sun rine sun yi shuɗi, uku sun karye. Ya bi makanikan da suka taru ɗaya bayan ɗaya yana kai musu tsumman bakin hanci.

Sun gani, sun kuma shaƙa. Ni mai ba da labarin nan na zanta da shida daga cikinsu, babu wanda ya musanta abin da ke kan tsumman. Amma hukuncin da layin ya yanke shi ne Kurma ya kunyata ƙaninsa a gaban baƙo. Kan Auta ba a ce uffan ba. Motar ta tafi da yamma da sabon kuros, direban kuwa bai sake zuwa ba, domin an ɓata masa yini.

Kafin mako ya zagayo, Auta ya raba rumfar biyu da tsofaffin kwanon rufi. Ramin ya faɗa ɓangaren Kurma, ƙofar titi ta faɗa nasa. Yanzu motoci na layi a wajen Auta, yana kwanciya a kan kwali yana ɗiga musu walda. Kurma kan samu biyu ko uku a mako. Ta lungun baya suke shigowa, galibi ana jan su da igiya, direbobin suna roƙonsa ya fasa abin da aka ɗinke a ɗaya gefen kwanon.