Neman Cukun Inna, daga Mai Wurno zuwa Duwem

Asabar: Mai Wurno, Sennar, Madani, Managil

Na bar gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba, da jine uku a lalitata, da tabarmar salla, da wata kalma a bakina wadda ban san ma'anarta ba sai kwana biyu kafin nan. Kalmar ita ce cuku.

Ga abin da ya fitar da ni. Inna, mahaifiyata, ta kwana tara ba ta sa komai a cikinta ba in ban da kurɓin kunu. Mai duba marasa lafiya na garinmu ya ce bai ga ciwo ba, tsufa ne da ƙin ci, kuma in ta zarce a haka ba za ta ga ƙarshen sanyin bana ba. Matata Hajara ta yi tuwo, ta yi kisra, siririyar wainar dawa ta ƙasar nan, da miyar kuɓewa, ta yi farfesun kifi, Inna ta juya fuska bango. Ni ne ɗan farinta, saboda haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa karɓar abu daga hannuna ba, sai dai in ajiye ta ɗauka. Ranar Alhamis na durƙusa a bakin ƙofarta na ce, "Inna, mi kike so?" Ta ce da bango, "Cuku."

A Mai Wurno aka haife ni, shekarata arba'in da ɗaya, cuku-cuku kaɗai na taɓa ji, shi ma ban iya ba. Na tambayi tsofaffi bayan la'asar. Baba Mamman, limamin unguwarmu, ya ce abin Buzaye ne, nono ne ake daskararwa a shanya shi ya bushe kamar faifai. Ya ce ba mamaki, tunda Inna daga Gobir ta taso tana 'yar shekara bakwai, da ƙafa, cikin ayarin masu zuwa hajji. Buzu ɗaya ya sani a ƙasar nan, wani Agali, a Managil.

Lorin Sennar ya karɓi girish biyar, ya ba ni buhun albasa na zauna a kai. Kilomita goma sha biyar ne, mun isa biyar da rabi, na yi salla a tashar jirgi. An ce jirgin Madani ƙarfe bakwai yake zuwa. Ya zo tara da minti ashirin, ba wanda ya yi mamaki. Muka sauka Madani ɗaya da rabi, na ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi na girish uku a tsaye, na nemi lorin Managil.

Direban Balarabe ne, mai son hira. Ya dube ni ya ce da Larabci, "Kai mutum, tsinkar auduga za ka?"

Na ce, "A'a, Cuku nake nema."

"Ɗan'uwanka ne?"

"Na wajen uwata ne."

"To in ka gan shi ka gaishe shi."

Na ce zai ji. Muka bi gefen magudanan ruwa kilomita sittin da 'yan kai, auduga dama, auduga hagu, muka shiga Managil ana kiran magariba. Na sauka gidan Kawu Isa, abokin marigayi mahaifina, mai gonar haya a nan. Mutumin kirki ne, sai dai kunnensa ya riga shi yin ritaya.

Lahadi: Managil zuwa bakin Farin Kogi

Ƙarfe bakwai na sami Agali a ƙofar wani ɗakin ajiyar dawa yana gadi, rawaninsa ya rufe komai sai idanu. Da na faɗi kalmar sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Sake faɗi." Na sake. Ya ce shekara talatin ba wanda ya faɗa masa wannan kalma, shi kansa a mafarki yake cin abin.

Na ce, "Baba, ba ka iya yi mana ko guda?"

Ya ce, "Da mi? Ana son nonon safe, da tumbin ɗan akuya da bai fara cin ciyawa ba, da tabarmar kara, da iskar ƙasarmu. Ni buhu nike tsaro."

Na ɗauki tabarmata zan tashi. Ya ga haka, sai ya ce akwai jibna, farin cukun mutanen ƙasar nan, ƙanwar cuku ce da ta yi aure cikin Larabawa ta canza hali. Amma kada in sayi ta kanti, wadda ta yi wata shida tana jiƙe cikin gishiri. In tafi Duwem, hayin Farin Kogi, inda ake yin ta, in karɓo sabuwa.

Na koma na shaida wa Kawu Isa cewa jibna zan je nema. Ya ce, "Jabana? Don jabana za ka tahi Duwem? Kai, ku ɗora jabana!" Jabana dai gahawa ce. Na ce jibna, ya ce yanzun nan. Aka soya, aka daka, aka tafasa, aka kawo da citta, na sha kofi uku don ba a tashi a kan na biyu a gidan Kawu. Lorin ƙarfe goma ya tafi ya bar ni.

Na sami na ƙarfe biyu, riyal biyu, cike da masu tsinkar auduga da awaki huɗu. An ce kilomita saba'in ne, amma wanda ya auna bai yi faci a hanya ba. Mu mun yi sau biyu. Muka isa bakin kogi bayan jirgin fito na ƙarshe ya haye, na kwana a rumfar wata mai shayi kan gadon igiya, girish biyu. Abin da ke raina in faɗa muku shi: tsoro nake ji. Tsoron in koma da gwangwani a hannu in tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu.

Litinin: Duwem zuwa Kosti

Jirgin fito ya ɗauke mu shida da kwata, mu da lori biyu da raƙumi guda wanda bai yarda da tafiyar ba. A Duwem ba sai ka yi tambaya ba, hanci ke kai ka. Na sami wani dogon Balarabe a wata rumfa bayan kasuwa, makiyaya na sauke masa nono, shi kuma yana zuba maganin daskarewa, yana tace abin a ƙyalle, yana danne shi da katako da duwatsu.

Ya ce, "Daga ina?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ku Fallata kun tako daga yamma don Makka, yanzu kuma kuna takawa don jibna?"

Na ce, "Uwata ce ba ta cin abinci."

Ya bar dariya. Ya shiga ciki ya fito da wadda aka yi kwana huɗu da suka wuce, ya yanka ta gida-gida ya jera a ƙaramin gwangwani, ya cika da ruwan gishiri, ya sa aka liƙe murfin da dalma. Girish sittin. Sannan ya ɗauko wata iri mai kama da kitson mace, da ɗigon habbatus sauda a jikinta, ya naɗe a takarda ya ce wannan gyara ce, ita ce mai narkewa in ta ji wuta. Ya ce a jiƙa su duka a ruwa kafin a ba tsohuwa.

Na zaɓi komawa ta Kosti don akwai jirgin ƙasa daga can zuwa Sennar, kuma ba na son in sake bi ta kan jabanar Kawu. Lori ya tashi sha ɗaya. A wani shinge kafin gari ɗan sanda ya nuna gwangwanin da sandarsa.

"Me ke ciki?"

"Jibna."

"Daga ina kake?"

"Mai Wurno."

"Kafin nan fa?"

"Cikin uwata."

Ya duba takardata, ya duba fuskata, ya ce in gaishe ta. Na kwana a tashar Kosti da gwangwanin a matsayin matashin kai. Ba na ba kowa shawarar haka.

Talata: Kosti, Sennar, gida

Jirgi ya tashi bakwai da rabi, ya kai Sennar sha biyu da minti goma. Lorin garinmu ya cika ƙarfe ɗaya. Na sauka a kasuwa na taka, ina shan kwanar unguwarmu sai na hango tabarma shimfiɗe a ƙofar gida. Na tsaya ina salati har idona ya washe, sannan na ga kuɓewa ce maƙwabciyarmu ta shanya. Ban taɓa jin haushin kuɓewa irin na ranar ba.

Inna tana nan, ta ƙara zama ƙarama a kan gadon. Na fasa gwangwanin, na yanki 'yar jibna na sa a tasa, na ajiye kusa da ita kamar yadda muka saba. Garin ɗoki na manta da maganar jiƙawa. Ta ɗauka ta taɓa da harshe, ta tofar.

"Wanga ba cuku ba ne. Gishiri ne da farar riga."

Ta juya bango. Na fito tsakar gida na zauna a kan turmi. Kwana huɗu, jirgi biyu, lori biyar, fito guda, ga sakamakon.

Hajara ba ta ce min sannu ba. Ta karɓi gwangwanin da ƙunshin takardar ta ce, "Malam, tashi daga kan turmin nan ka tahi lambu. Tumatir, albasa, ganyen jirjir mai ɗan yajin nan, da tattasai ɗanye guda biyu." Na tafi. Kafin in dawo ta jiƙa jibnar duka iri biyu, ta canza ruwa sau biyu, ta ɗebi ƙullun kisra ta ƙara masa garin alkama hannu guda don ya yi ƙwarin naɗuwa. Ta ɗora doka a wuta. Ga 'yan'uwa na can gida, doka a nan ita ce farantin ƙarfen da ake yin kisra a kai, shi ya sa a ƙasar nan doka tana hannun mata.

Ta shafa man riɗi, ta zuba ƙullu ta baza shi da ɗan kauri. Da gefensa ya fara ɗagowa sai ta marmasa farar jibna a rabi ɗaya, ta yayyaga mai kitson a kai, ta watsa albasa da tumatir da tattasai, ta ɗora ganyen jirjir, ta ninke ɗaya rabin ta danne da bayan ludayi. Ta juya shi. Jibnar ta ɓulɓulo ta gefe ta taɓa ƙarfe, ta yi ƙauri.

Daga ɗaki muka ji murya. "Wa ke ƙona nono?"

Hajara ta zuba na biyu. Sai ga Inna a bakin ƙofa tana dafe da bango, macen da ta kwana goma sha uku ba ta ga rana ba.

"Wutag ga ta yi yawa. Kuma wa ya koya miki yankan albasa haka, awa za a ba jaki?"

Hajara ta ce, "A yi haƙuri, Inna," ta janye itace guda, ta tura mata kujera da ƙafa ba tare da ta dube ta ba. Inna ta zauna don ta ga iyakar ɓarnar. Aka sa mata guda a faifai. Ta dube shi ta kau da kai, mu kuma muka yi kamar ba ita muke kallo ba.

Can ta ce, ba da ni take ba, da wutar take, "Wanda nic ci, uwata ta ɗauko shi tun daga gida, cikin zanenta. Guda ɗaya yar rage. Bayan Abashe ta ɓalla mani da hannunta, ta ce ita ta ƙoshi. Kwana biyu munka rufe ta gefen hanya."

Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin wannan ba. Na ji kunya da na zaci abin kasuwa take nema, na kuma ji tausayinta. Na matsa kusa, na ɓalli gefen kisrar, jibnar ta biyo hannuna kamar zare, na miƙa mata. Ban ajiye ba. Hajara ta tsaya da ludayi a sama.

Inna ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta karɓa, ta sa a baki, ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage.

"Ba shi ne ba," in ji ta.

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ɓallo wani, in tabbatar."

Ta ci guda da rabi, ta sha ruwa, ta ce gobe a rage tattasai.

Yau mako uku ke nan, kullum da hantsi Inna tana tabbatarwa, kuma sai na ɓalla da hannuna. Ta fara fita har ƙofar gida tana gyara wa maƙwabciya shanyar kuɓewa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Agali, da mai jibnar Duwem, da Kawu Isa da jabanarsa, da Hajara da dokarta. Direban Managil kuma ya sani na isar da gaisuwarsa.

Jiya Inna ta leƙa gwangwanin ta ga gindinsa. Ta ce da Hajara, ina zaune a wurin, "Hwaɗa ma wancan ya koma Duwem. Wataƙila ba su ba shi na ƙwarai ba."

Na ce to. Lorin Sennar ƙarfe huɗu da rabi yake tashi.