Shekarar da aka fasa rumbun tsimi

Ni malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare cikin garin Tahoua. Kowace shekara akwai darasin da nake koyarwa kan Amurka tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, kuma da can ba ya taɓa ni ko kaɗan. In faɗa wa yara cewa birane sun cika da motoci da rediyo, kowa na ɗaukar kaya yana biya kaɗan-kaɗan, alhali manomi a ƙauye farashin amfaninsa ya faɗi warwas, baƙar fata na kudu kuwa suna noma gonar da ba tasu ba. Yara su rubuta, a buga ƙararrawa, kowa ya kama gabansa.

Sai shekarar da zinariya ta ɓulla can arewa cikin hamada. Kai, Tahoua ta ga abu! Unguwarmu kaɗai benaye suka yi ta tashi, motoci masu baƙin gilashi suna watsa wa mutane ruwan kwata. A gindin benayen nan kuma mata ne daga ƙauyuka zaune da ƙwarya, suna jiran a kira su daka ko wanki. Ranar da na zo kan darasin nan na tsaya gaban allo, bakina na magana, idona na kan taga. Abin da nake karantawa ga shi nan bayan tagar aji.

A ƙarshen makon na tafi ƙauyenmu kusa da Barmou. Tun rasuwar Baba, yayana ne maigida, Inna na hannunsa. A tsakar gidan akwai rumbun tsimi, wani ƙaton rumbun ƙasa da ba a buɗewa sai damina ta kama, lokacin da hatsin ci ya ƙare. A cikinsa ake ajiye irin shuka ma. Duk gidan da ya fasa shi da rani, maƙwabta sun san gidan ya shiga uku.

Na tarar da babbar mota a bakin gari, 'yan kasuwa suna awon hatsi. Na tarar kuma da Yaya ya jingina tsani jikin rumbun.

"Yaya, mi za ka yi da tsani?"

"Hatsi ya yi tsada, ƙanwata. In saida, in sayi moto, in yi jigilar masu haƙar zinariya. Kahin ruwa su sauka na maida abin da na ɗiba ninki biyu."

Ni dai ban iya riƙe baki ba, tun ina yarinya Inna ke cewa harshena ya fi ni tsawo. Na zauna na zazzage masa darasin nan kaf. Na ce a can ma haka aka yi, masu shi suka ci suka ƙoshi, talaka ya hango ta taga, ya kwashi ɗan abin da ya mallaka ya bi su a guje. Da tattalin arzikin ya rushe, wanda ya shigo daga baya shi aka fara dannewa. Na ce mutanen nan da ke awo a bakin gari ba don Allah suke saye ba, ajiyewa za su yi, su sayar mana da shi da damina.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Madan ta zo da Amurka cikin jaka! Ke ɗiya mace, ina ruwanki da rumbu? Abokina da munka yi kiwo tare, yau bene gare shi. Ni in zauna ina gadin hatsi?"

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce a al'adarmu: macen da ta yi aure ba ta da ta cewa kan rumbun gidansu. Na juya wajen Inna. Tana ta tsinkar zogale, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ku bar iri dai." Yaya ya rantse ba zai taɓa iri ba. Na koma Tahoua da yamma.

Ya sayi moto, wato babur, ya nufi arewa. Da farko yakan kira, murya cike da fara'a. Daga baya ya ce masu moto sun yi yawa, mai ya yi tsada, ramuka sun fara ƙin bayarwa. Daga nan wayar ta daina shiga. A unguwarmu kuma wani bene ya tsaya rabi, ƙarafa a tsaitsaye, magina sun watse.

Da ruwan farko ya sauka na nemi izini na tafi gida. Tun daga hanya nake ganin mutane cikin gonaki, maza na sara da sungumi, mata na bin su suna zuba iri. Gonarmu ba kowa.

Na sami Inna a gindin rumbu, matar Yaya da 'ya'yanta sun kewaye ta. Wani maƙwabci ya shiga ya sharo musu abin da ya rage a ƙasa. Ashe da kuɗin moto ya kasa, Yaya ya koma ya kwashe har irin. Abin da ke cikin faifan Inna rabinsa ƙasa ce, rabi ƙaiƙayi.

Na ɗebi kaɗan a tafin hannu. Ƙwari sun huda kusan kowace ƙwaya.

"Inna, wannan ba ya tsira."

"Rage murya, kada a ji," in ji ta. "Zamna ki taya ni tsinta."

Na aje jakata, na durƙusa kusa da ita.