Uwar Maƙerar da Talatu Ta Zauna a Kai

"Shi ya sa nake ce maka ban yi masa rashin kunya ba," in ji Mama Talatu, hannuwanta na danna zuga-zugi ɗaya bayan ɗaya. "Zama kawai na yi."

Lauje na kawo gyara maƙerarta, a wani ƙauye gefen Wurma, sai hira ta kai mu ga labarin da kowa ya sani amma ban taɓa ji daga bakinta ba. Mace ce gajeriya, gashinta ya fara furfura, bayan hannunta duk tabon tartsatsi. Tun tana amarya take yi wa mijinta, Ɗan'auta maƙeri, zuga. A gidansu iyakar mace ke nan. Za ta hura wuta, ta kawo gawayi, amma ba ta taɓa uwar maƙera, wannan dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kansa. Tun kakanni suka ce in mace ta zauna a kanta, duk abin da aka ƙera zai ci amanar mai shi. Sun karɓi addinin Kirista tun zamanin uban mijinta, amma wannan tsoron bai bar gidan ba.

Ɗan'auta yana dawowa daga kasuwar Dutsin-Ma 'yan bindiga suka tare motarsu. Gawarsa aka kawo mata. Ba a gama zaman makoki ba, Audi, wan mijin, ya tara mazan gida a zaure, suka yanke cewa za a kai uwar maƙera gidansa a riƙa ƙera wa matasa bindiga. Har bututun ƙarfe ya saya. Ba wanda ya tambaye ta. Ta aika cewa tana da magana, aka ce mata ba sa shiga irin wannan zama.

Da safen da za su ɗauka, suka zo da amalanke suka tarar da ita zaune a kai, da ƙwarya a cinya tana ɓarar gyaɗa. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce har tayi ta yi musu. Ba wanda ya ci. Audi ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya da shanunsa. Wa zai riƙe bindigar da za ta fashe masa a fuska?

Na tambaye ta ko ita ta yarda da wannan camfin. Ta yi dariya har wutar ta ɗan lafa, ta ce ko kaɗan, amma tunda da shi aka hana ta magana, ai ba laifi ya yi mata magana sau ɗaya.

Sai ta ce kada in ɗauka ba ta jin zafi. Akwai lokacin da in ta ga baƙon makiyayi ƙirjinta yakan yi nauyi. Kuma ba ta zagin samarin da ke gadin gari, ita ma tana jin tsoro kamar kowa. Abin da ya tsaya mata shi ne mijinta. Ba ta iya karatu sosai ba, a zumuntar matan coci ta koyi haɗa baƙi, shi ne yake karanta mata Littafi Mai Tsarki. Wurin da ya fi so shi ne inda annabi ya hango ranar da za a narka takubba a mai da su kayan noma. Kullum in ya kai nan sai ya ce, kin ji, ranar nan maƙera ne za su yi aikin Allah. Ta kuma tuna yadda Yesu ya hana almajirinsa sara a daren da aka kama shi, har ya warkar da wanda aka sara.

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jiran wannan ranar," ta ce, "sai a yi bindiga a kan kayansa don a rama masa? Ai an kashe shi sau biyu."

Yanzu Malam Hamma ne ke riƙe masaba, wani maƙeri Musulmi da tashin hankali ya koro daga wajen Ɗantutture ba ko awartaki. Da aka gargaɗe shi cewa mace ta zauna a kan ƙarfen, ya ce shi yunwar iyalinsa ta fi ba shi tsoro. Sharaɗi ɗaya ta yi masa, kayan noma kawai. In ya tafi sallah ta riƙe masa wuta, ranar Lahadi kuma maƙera a rufe take.

Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Audi bai sake taka wurin ba, kuma yana faɗa a gari cewa gadon gidansu ne, duk ranar da ya ga dama zai ɗauke, ko ya jefa a rijiya. Shi ya sa da muka hango shi tafe, da bindiga a kafaɗa, Malam Hamma ya ajiye masaba.

Mama Talatu ta miƙe ta russuna. "Sannu da zuwa, Yaya. Ita waccan bindigar a jikin bishiya take jira."

Ya tsaya. A ɗaya hannunsa galma ce, bakinta ya tsage, ga shi an fara ruwa. Ya yi gunaguni cewa maƙerin Kurfi ya cika masa tsada da jan rai. Sannan ya jingine bindigar a gindin dalbejiya ya sunkuya ya shigo.

"Ƙarfen da kika lalata, yana iya ɗinke wannan?"

"A gwada shi, Yaya. In ta ci amanarka, ni zan yi maka huɗar."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kan uwar maƙera, yana bin lotsawar da masabar ƙanensa ta bari da yatsa. Ya daɗe a haka. Daga baya ya miƙa wa Malam Hamma galmar ba tare da ya ɗago kai ba.

Mama Talatu ta leƙa murhu ta ce wutar nan ba za ta isa galma ba. Ta ce in yi haƙuri da laujena, babba ya riga ni. Ta goge ido da bakin zane, ta ɗauki kwando ta nufi bayan ɗaki ɗebo gawayi.