Bin Sawun Shuɗiyar Kwalba

Gezawa
Ranar Talata ana idar da sallar asuba muka fito, ni da maigidana Malam, da 'yarmu Hadiza a goye. Kwana biyu ke nan tana amai, tun da ta sha maganin tarin da kakarta ta sayo a Fagge. Na ƙulle kwalbar a bakin mayafi. Shuɗiya ce, jikinta layi-layi. Ƙarfe shida da rabi motar gyaɗa ta ɗauke mu. Direba na ganin yarinyar ya ce mu dawo gaba.

Fagge
Ƙarfe takwas muka sami mai maganin, Baba Agali, wani tsohon Buzu, zaune cikin saiwoyi da sassaƙe da kanwa. Ya ɗanɗana, ya rantse marke ne da zuma, yadda ubansa yake haɗawa. Malam ya tambaye shi inda ya samo kwalbar. Baba Agali ya ce a da a ɗan gora yake zubawa, amma yanzu kowa na kwalba yake so, shi ya sa yake sayo fanko daga Sabon Gari, ya ɗauraye.

Sabon Gari
Da ƙafa muka ƙarasa, rabin sa'a, zuwa kantin magani na wani Ibo, Mista Obi, don mu nuna masa kwalbar. Ya shafa kwalbar da babban yatsa, ya sansana murfin.

"Uwargida, wa ya ba yarinya wannan?"

Ya ce Turawa na yin layukan ne don hannu ya gane guba ko ido bai gani ba. Maganin shafawa ne ya zauna a ciki, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Na durƙushe a nan ina salati. Na yi makaranta, ina karanta Turanci, amma ban taɓa jin wannan ba, kuma da hannuna na ba ta cokali uku. Mutumin nan ya rufe kantinsa ya raka mu asibiti. Kwananmu uku.

Fagge kuma
Da Malam ya gaya wa Baba Agali, sai ya zauna a ƙasa yana hawaye, ya farfasa sauran kwalaben. Na tambaye shi su wa ya sayar wa.

"'Yata, tun damina nake sayarwa. Ban san su ba."

Gida
Juma'a da la'asar muka iso, Hadiza na neman kunu. Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Mista Obi da alheri. Washegari na bi maƙwabta gida-gida ina cigiyar irin kwalbar nan. A ɗakin wata mai jego na tarar da guda biyu, ba a buɗe ba tukuna.