'Yar Fari da Ajin Kimiyya

Shekarun baya, muna shiga babbar sakandare a Birnin Gwari aka raba mu gida biyu, 'yan kimiyya da 'yan adabi. Ni adabi aka jefa ni, saboda ranar jarrabawar tantancewa ina ƙauyenmu a Kuyello, kuma ba wanda ya isa ya ratso dajin a makon. Na ci kuka har da majina, don aikin jinya nake so, shi kuwa sai da kimiyya.

Makaranta ta ce mai son canji ya turo mahaifinsa. Ƙawata 'yar ma'aikacin ƙaramar hukuma ce, washegari babanta ya zo, kafin a fita hutun ƙarfe tara an canja mata aji. Ni kuwa 'yar fari ce. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya je nema masa alfarma a gaban mutane. Ƙanensa da ke tsaya mini ya yi ƙaura zuwa Kaduna. Na dai aika saƙo ta bakin goggona, ban sa rai ba.

Ranar kasuwa sai ga mahaifina a ƙofar ofis, laka har gwiwa. Mu huɗu ne a tsaye, duk masu jiran iyaye. Mataimakin shugaban makaranta mutumin kudancin Kaduna ne, mai kirki, sai dai bai san da wannan kunya tamu ba.

"Baba, wace ce 'yarka?"

Mahaifina ya nuno mu da haɓa.

"Ai suna da yawa, Baba. Sunanta nake so."

Na ga gumi yana bin wuyan mahaifina. Na ce a raina shi ke nan, in je in fara haddar waƙoƙi. Can sai ya sunkuyar da kai ya faɗi sunana, a hankali, kamar mai sauke tukunya daga wuta. Ya ce, "Malam, a gwada ta. In ta faɗi a bar ta inda take."

Aka gwada ni, na haye da ƙyar, lissafi ya kusa tona mini asiri.

Yau ina asibiti cikin fararen kaya, kuma har gobe in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya. Ban fi sauran ukun nan da komai ba, ɗaya ma ta fi ni kai nesa ba kusa ba. A adabi suka gama, don nasu iyayen ba su samu zuwa ba. Ni nawa ya zo.